Fenti a Kan Tsatsa

A gidaje da yawa na Yelwa da Birnin Yawuri har gobe akwai gadajen ƙarfe waɗanda aka yi wa iyayenmu mata jere da su, wasu ma tun ba a datse Kwara a Kainji ba. An haihu a kansu, an yi jinya a kansu, an kwance su an ɗora a kwale-kwale an haye da su an dawo, amma in ka shafa ƙafar gadon za ka ji fentinta sumul, sai 'yar ƙujewa nan da can. Haka kan keken ɗinkin Singer, haka keken Raleigh da ke jingine a zaure, haka langa da samira da ke jere a ɗakin tsohuwa. A ƙofar waɗannan gidajen kuma akwai get da aka kafa bara waccan, gindinsa ya riga ya zama gari, fentinsa yana ɓarewa, akuya tana zura kai ta inda kwanon ya huje.

In ka tambayi dalili, amsar a shirye take: ƙarfen yanzu ba ƙarfe ba ne, kuma iskar bakin ruwa ba ta barin komai. Akwai gaskiya a ciki, amma 'yar gaskiyar nan ita muka mayar mafaka. Ruwan tafkin Kainji ba na gishiri ba ne. Wanda ya ga yadda iskar teku take cin ƙarfe a Legas ko Kwatano ya san mu a nan da sauƙi muke. Hannu ne ya lalace. Mun saki aikin da ido ba ya gani mun koma yi wa ido aiki, kuma mai yi da mai saye duk da saninsu ake tafiya a haka.

Tsatsa ba ta da wani asiri. Ƙarfe ne yake haɗuwa da iska da danshi, ya koma irin jar ƙasar da aka narko shi daga cikinta tun asali. Mugun cinta daga wuri biyu yake. Ta fi ƙarfen da ta cinye girma ninkin ba ninkin, saboda haka tana kumbura ta ɗaga fenti, har ta tsaga siminti idan ta kama rodin da ke cikin ginshiƙi. Sannan tana shan ruwa ta riƙe, don haka inda ta fara nan take samun abin ci gaba. A ƙasarmu kuwa danshi ɗan gida ne. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya kwanta tsawon fiye da kilomita 130, daga madatsar har ya iso mu, yana cika yana ja kowace shekara. Ƙarfen da ke jiƙewa yana bushewa ya fi wanda ke nutse kullum saurin lalacewa, shi ya sa turke yake fara ruɓewa daidai inda ruwa ke taɓawa yana sauka. Ga raɓar asuba, ga jiƙaƙƙen yashi da ke kwanciya a gindin ƙofa, ga takin zamani da manoman shinkafa da albasa ke jibgewa a shago yana jawo laima, ga fitsarin dabbobi. Duk wannan mai sana'ar Zamare ko Wara ko Giron Masa ya san shi fiye da kowane baƙo. Sanin nan kamata ya yi ya sa aikinmu ya fi na Kano da Sakkwato kauri da kariya, tun da su a busasshiyar ƙasa suke. Sai ga shi mun mayar da shi uzuri.

Tsaya a shagon walda na bakin titi da hantsi ka ga yadda ake haɗa get. Fayif ya zo daga kasuwa da maiƙon masana'anta a jikinsa, da baƙar fatar nan da ƙarfe ke fitowa da ita daga wuta. Ya kwana a ƙasa, ruwa ya dake shi, ya fara ja. Aka yanka, aka jera. Maimakon a bi gaɓa da wuta daga farko har ƙarshe, sai a ɗiga nan a ɗiga can, a bar tsakani a buɗe. Kashin waldar da ya daskare a kan ɗinkin ba a buge shi duka ba. An wuce da injin gurza a fuskar da mai kaya zai kalla, bayan kuwa ko oho. Ramukan da suka rage an cusa musu fila irin ta masu gyaran mota an shafe. Daga nan Oga ya ɗaga murya: "Kai, haɗa fentin nan, Alhaji zai zo bayan La'asar." Yaro ya buɗe galan, ya tuttula fetur a ciki har fentin ya tsinke, don galan ɗaya ya yi aikin biyu. Jan fentin ƙasa, wanda shi ne ke riƙe jikin ƙarfe, ko dai a watsa shi sama-sama ko a tsallake shi baki ɗaya. Ana feshi iska tana kwaso ƙurar titi tana liƙawa. Gindin get ɗin, da yake a ƙasa yake tsaye, ko ɗigo bai samu ba, alhali shi ne zai zauna cikin ruwa. Kan fayif a buɗe, ruwan sama zai shiga ya kwanta a ciki ya ci ƙarfen ta inda ba mai gani. A ƙarshe a ɗauko ɗan gwangwanin ruwan gwal a shafa wa kawunan masun da ke sama. Kafin La'asar get yana ɗaukar ido.

Ba mai waldar kaɗai zan kama ba, don na sha jin yadda cinikin ke gudana.

"Oga, nawa ne na ƙarshe?"

"Ranka ya daɗe, in za a kankare shi a sa jan fenti a ƙasa, a yi shafi biyu a sama, kaza ne, kuma sai an ba ni mako guda ya bushe."

"Haba! Wancan na gaba ya ce zai yi mini da rabin haka. Kai dai ka sa ya yi ƙyalli, ranar Juma'a za a kawo amarya."

Mai sana'a yana da bakunan ciyarwa, kuma ya san in ya kafe a kan gaskiya cinikin zai wuce shagon gaba. Yau da gobe sai ya daina ambatar jan fenti. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma a harkar ƙarfe araha ta koyi ado sosai, ƙarko ne ba ta da shi. Asarar da ta fi damuna ma ba ta get ɗin ba ce. Yaran da ke ƙarƙashin wannan Oga za su tashi ba su taɓa ganin an kankare ƙarfe kafin fenti ba. A wurinsu abin da suka gani shi ne sana'ar. Bayan 'yan watanni wani ɗan'uwa ya saya wa yaro injin walda da janareta, ya buɗe nasa shagon, ya ɗauki nasa yaran. Na farko ya san yana ha'inci, na biyu bai ma san akwai abin da aka tsallake ba.

A da yaron shago yakan daɗe yana riƙe da buroshin waya da samfefa kafin a yarda ya taɓa wuta. Yana buge kashin walda, yana gurzar ƙarfe har ya yi fari, ya goge maiƙo da tina, a shafa jan fenti da buroshi ana cusa shi kowane lungu, a kifa kayan a shafa ƙasansu, a bar su su kwana. Washegari shafi na farko, wata rana na biyu. Kafin zuwan walda ma, maƙeranmu sun san darajar gamawa. Maƙeri ba ya miƙa maka fartanya ko mashin su da kaifin ƙaya a gefe, kuma ya san in aka shafa mai a ƙarfe yana da zafi zai yi baƙi ya jure laima. Sarkawa kuwa ba sa barin ƙugiya da zago su kwana jiƙe, don sun san abincinsu a jikinsu yake. Ba su da ma'aunin zafi ko littafin sinadarai. Kunya suke da ita, kada a ga aiki ya lalace a ce na wane ne.

Yanzu akwai wata hanyar rufe ƙarfe da sunanta ya fara yawa a bakin masu sana'a a Arewa, wato fentin hoda, wanda ake gasawa a tanda. Ba sabon abu ba ne a duniya. Wani masani Bajamushe, Erwin Gemmer, shi ya kafa hanyar a shekarun 1950, lokacin ana ɗumama ƙarfe ne a tsoma shi cikin hodar da iska ke motsawa. A shekarun 1960 aka fito da feshi da ƙarfin lantarki a Turai, wanda shi ne ya game duniya yau. Hodar busasshiya ce ƙarau, gaurayen roba mai narkewa da launi da sinadarin da ke sa ta sandare, ba tina ba fetur. Ana rataye ƙarfen a ƙugiya, a haɗa shi da wayar da ta shiga ƙasa. Bindigar feshi tana ɗora wa ƙwayoyin hodar cajin lantarki, sai ƙarfen ya janyo su su manne, har su kewaya su rufe bayan fayif. Wadda ta zube ana iya tattarawa a sake amfani da ita. Sannan a tura kayan cikin tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200, a bar su minti 10 zuwa 20, ana ƙirgawa daga lokacin da ƙarfen da kansa ya ɗauki zafin, ba daga rufe ƙofar tanda ba. Hodar ta narke, ta malale, ta haɗe ta zama fata ɗaya mai tauri wadda zafi ba ya sake narkar da ita. Kaurinta bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma ya ninka shafi ɗaya na fentin ruwa sau biyu ko uku, kuma tana jure bugu da ƙujewa fiye da shi nesa ba kusa ba.

Mutanen Yawuri sun daɗe suna zaune da wannan fenti. Galibin jikin firij, da ƙarfen da ke kewaye da janareta, da akwatin wuta na bango, da tagogin alminiyom masu launi, da ƙofofin ƙarfe da ake shigowa da su daga Turkiyya da Sin, da shi aka rufe su. Langa da samira ma 'yan'uwansa ne ta wani ɓangaren, don garin gilashi ne aka narkar a jikin ƙarfe da wutar da ta kai kusan digiri 800, shi ya sa suke ganin jikoki. Masu tandar gasa hoda a manyan birane suke, Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Ina fatan sana'ar ta iso bakin tafki, don muna matuƙar bukatarta. Akwai tanda mai aiki da gas, saboda haka rashin tsayayyar wuta ba zai hana ba, ko da yake abin takaici ne a ce ana lissafin rashin wuta a ƙasar da aka tashi mutum fiye da dubu 40 daga gidajensu domin a samar da ita.

Sai dai ina jin tsoro, kuma tsoron ne ya sa na ɗauki alƙalami. Fentin hoda ba ya gyara hali. Duk wanda ya yi aikin da gaske ya san feshi da gashi su ne ƙaramin ɓangare. Babban aikin yana gabansu: a wanke maiƙo tas, a bugi ƙarfen da tsakuwar ƙarfe ta bututun iska har tsatsa da baƙar fata su tashi, a tsoma shi a ruwan sinadarin fosfet wanda ke ba shi ɗan kaushin da hoda za ta kama, a ɗauraye, a busar, kada a taɓa shi da hannu tsirara don gumi ma yana barin gishiri, kuma a fesa a ranar kafin raɓa ta sauka. In aka tsallake wannan aka fesa hoda a kan tsatsa, kayan za su fito daga tanda da kyan da ya fi na kowane fentin ruwa. Ba mai iya ganewa da ido. Amma tsatsar tana ƙasa tana tafiya. Ranar da dutse ko ƙahon sa ya fasa wuri ɗaya, ruwa ya shiga, sai fatar ta riƙa ɗagowa falle-falle kamar saɓar maciji, ka tarar ƙarfen da ke ƙasa ya daɗe da mutuwa. Fentin ruwa mara kyau yana tona asirin kansa da wuri, mutum ya kankare ya sake. Hodar da aka yi wa ha'inci ɓoye ɓarna take yi har sai gyara ya wuce.

Hanyoyin cuta a cikinta ma suna da yawa, kuma gara mai saye ya san su tun kafin su iso. Akwai mai cire kaya daga tanda kafin lokaci don ya rage gas, fatar ta fito da kyau amma ba ta nuna ba, tana fashewa da ɗan bugu. Akwai mai fesa hodar ifoksi, wadda ta cikin ɗaki ce, a kan abin da zai zauna a rana, bayan ɗan lokaci ta dusashe ta koma tana barin fari a hannu, alhali ta foliyesta ce ke jure rana. Hoda tana son ajiya a wuri mai sanyi da bushewa. Buhun da ya sha zafin bazararmu a shagon kwano, lokacin da ma'auni ke haura 40, yakan dunƙule ya lalace, amma wani zai tankaɗe ya fesa. Bakin ƙarfe mai kaifi ba ya riƙe hoda da kauri, dole a dakushe shi tukuna. Abin da aka gasa kuma ba a kai shi wurin aiki a sake bin sa da walda, don wuta tana ƙone fatar, kuma ba a mayar da kafaffen get cikin tanda; da noti da kusoshi masu zare ake haɗa shi, wanda ke nufin sai an yi awo da tunani tun farko. Wani abin kuma na rai ne. Kada wani ya ga yashi birjik a bakin Kwara ya ce da shi zai riƙa bugun ƙarfe. Ƙurar yashi tana taruwa a huhu ta jawo ciwon da ba ya warkewa, ƙasashe da dama sun hana amfani da shi a wannan aiki. Yaron da zai shaƙa ɗan wani ne.

Ga abin da zai zauna a bakin ruwa ko cikinsa, akwai abin da ya riga fenti, wato tutiya. Tun 1837 wani Bafaranshe, Stanislas Sorel, ya yi rajistar hanyar tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, wadda zafinta ke kai digiri 450. Falalarta ita ce ko an ƙuje ta ƙarfen ya bayyana, ita ce ke fara cinyewa ta bar ƙarfen da ke kusa da ita lafiya. Fenti kuwa, na ruwa ne ko na hoda, rufi ne kawai, in ya fashe ba shi da sauran abin yi. Wannan falala ta tutiya ce ta sa tsohon kwanon rufi mai kauri da wadatar tutiya yake nan a kan wasu ɗakuna, yayin da wani na yanzu, wanda ana iya lanƙwasa shi da yatsu, damina kaɗan ta ishe shi ya yi jawur. Inda aka haɗa biyun, tutiya a ƙasa hoda a sama, nan ake samun ƙarfen da ke kai wa ga magada.

A ƙasar da kasuwarta da asibitinta da zumuncinta suke bisa ruwa, maganar nan ta wuce ta ado. Ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya taso daga Lokon Minna ta Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare kusa da Wara, aka yi kwanaki ana tsamo gawarwaki. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa sun ambaci lodi fiye da kima da kuma tsufan jirgin. An yi maganar lodi sosai, an yi ta rigar ruwa, kuma sun cancanta. Amma tsufan jirgin katako ba a katako kaɗai yake ba. Ƙusa ce ke riƙe da allo da allo. In ta baƙin ƙarfe ce mara tutiya, tana sirancewa a cikin itace inda ba a gani, kuma tsatsarta tana ruɓar da katakon da ke kewaye da ita, ramin ya yi faɗi, allon ya saki. Daga waje an shafe da kwalta, an yi zanen tuta da sunan mai jirgi, komai lafiya. Ƙusa mai tutiya ta fi tsada, amma bambancin kuɗin a jirgi guda bai kai abin da ake samu a 'yan ranakun kasuwa ba. Mai haɗa jirgi da ya karɓi kuɗin mai tutiya ya buga mara tutiya, da mai jirgin da ya ce a buga kowace iri don ya rage kashewa, su tuna mata da yara ne za su zauna a kai a tsakiyar ruwa.

Aikin hukuma shi ne inda abin ya fi muni, don a can mai biya ba shi ne mai amfani ba. Na tsaya a gindin wata hasumiyar tankin ruwa a wani ƙauye na bakin tafki, wadda ba ta daɗe da kafawa ba. Na sa farce a ƙafarta, fentin ya biyo farcen, ƙasansa jawur, babu alamar an taɓa sa jan fenti. Inda ƙafar ta shiga siminti an bar kwarmi, ruwan da ke zuba daga tanki yana kwanciya a wurin dare da rana. A sama tankuna ne cike, kowace lita dubu tana da nauyin tan guda, a ƙasa kuma yara ne ke layi da jarkoki. Allon sanarwar aikin shi kaɗai ne ya sami fenti mai kyau. Haka kujerun makaranta da ke karyewa a gaɓa kafin shekara ta zagayo, a jibge su a bayan aji, yara su koma ƙasa. Haka turakun fitilun sola, haka gadajen asibiti. Kuɗin da aka ware na aiki mai kyau ne, an kuwa biya shi cif.

Duniya ta daɗe da lissafa wannan asara. Wani bincike da ƙungiyar masana tsatsa ta NACE ta fitar a 2016 ya ƙiyasta ɓarnar tsatsa a duniya da dala tiriliyan 2.5 a shekara, kusan kashi 3.4 cikin ɗari na arzikin da ake samarwa, kuma ya nuna ana iya rage kashi 15 zuwa 35 na asarar da hanyoyin da aka riga aka sani. Hasumiyar Eiffel ta birnin Faris tana tsaye tun 1889 ne saboda kusan duk shekara bakwai ana sake mata fenti, tan wajen 60 a kowane zagaye. Mu kuwa in an kafa abu an yanka kyalle, ba wanda ya sake waiwayarsa sai ya faɗi.

Ba sai mun je Faransa neman hukuncin wannan ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya ji labarin da ya zo a hadisi, na mai sayar da abinci da ruwan sama ya jiƙa masa kaya, ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshen a sama. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zura hannu ya ji laima, ya tuhume shi a kan ɓoyewar, ya kuma barranta daga mai ha'inci. Fila a kan ramin walda da fenti a kan tsatsa ba su da maraba da wannan tarin abinci. Risala, wadda almajiranmu ke karantawa, ta haramta algus da ɓoye aibi a babin ciniki, kuma malaman Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa. Mai waldar da ke sahun farko a masallaci ya sani aikin da ya bari a ƙasan fenti yana cikin abin da za a tambaye shi. Alhajin da ya matse shi har ya kasa yin daidai, da jami'in da ya sa hannu a takardar kammala aiki bai taka wurin ba, su ma ba su fita ba.

Ga mai saye, nasihata guda ce: je ka ga kayanka tsirara kafin a shafa musu komai. Ka ce a kira ka bayan an gama walda an kankare. Ka juya get ɗin ka duba bayansa, ka bi ɗinkin da yatsa, ka tabbatar an toshe kan fayif an huda ƙasansa don ruwa ya fita, ka ce a ɗaga gindinsa daga ƙasa idan an zo kafawa. In kayan gasasshe ne aka kawo maka daga birni, ka nemi wani lungu ka tsaga fatar da reza gida-gida, ka liƙa salatef ka fizge. In ta biyo shi, a mayar. Sannan ka biya kuɗin aiki, ka ba da kwanakin bushewa, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu ba da kwangila kuwa su rubuta kaurin ƙarfe da irin kankara da yawan shafi a takarda, su sayi ɗan na'urar auna kaurin fenti wadda ke shiga aljihu, kuma kason da aka saba riƙewa daga kuɗin ɗan kwangila kada a sake shi sai aikin ya ga damina.

Ku kuma 'yan'uwana masu walda, ba na raina wahalarku. Na san tsadar ƙarfe, na san kuɗin man janareta, na san idanun da ke kwana suna zafi saboda hasken wuta. Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi: ku faɗi farashi biyu, ku faɗi bambancinsu a fili, wanda ya zaɓi mai araha ya zaɓa da saninsa, kada a sayar masa da shi da sunan mai kyau. Ku mayar wa yaranku buroshin waya, ko da a kan aiki ɗaya ne cikin mako, don su ga yadda ake yi. In kuma ƙungiyarku ta yi shawarar haɗa kuɗi a kafa wurin fentin hoda a Yelwa, aiki ba zai yi wuya ba: ga injinan casar shinkafa, ga na ban ruwa, ga kujerun makarantu daga Shanga har Ngaski, ga ƙarafan jirage. Amma ku fara da wurin wanke maiƙo, da injin bugun tsatsa, da kwatamin fosfet, da abin rufe hanci na yaran da za su yi aikin, ku tura mutum biyu ko uku Kano ko Kaduna su zauna su koya a hannun wanda ya iya. Tandar ita za a saya a ƙarshe.